Ƙamusun da ya riƙe harshen Hawai

Darasinmu na wannan mako ya kai mu Hawai, tsibiran nan na tsakiyar tekun Pasifik da yanzu suke jiha a Amurka. A 1896 aka kafa dokar da ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa a makarantun can. Sannu a hankali yara suka daina jin harshen kakanninsu, har ya kusa zama na tsofaffi kaɗai.

Wata 'yar tsibiran, Mary Kawena Pukui, wadda ta tashi a hannun kakarta, ta shafe shekaru tana rubuta kalmomi da karin magana daga bakin dattawa. Ita da masanin harshe Samuel Elbert suka haɗa ƙamus, maɗaba'ar Jami'ar Hawai ta buga shi a 1957. Mu lura da kyau: jami'a ce ta buga, amma ilimin daga cikin gida ya fito. Bugun 1986 yana ɗauke da kalmomi kusan 29,000.

A 1984 aka buɗe makarantar renon yara ta Punana Leo, inda ba a magana sai da harshen Hawai. Iyaye da yawa su ma koyo suke yi a lokacin, kuma in kalma ta shige musu duhu, ga ƙamusun Pukui a hannu.