Ku Bar Su Su Ɓata Hannu

Duk ranar Laraba idan an tashi, ba na rasa uwar da za ta ɗaga hannun ɗanta ta duba, ta ce, "Malama, yau ma wasan koko kuka yi? Ina rubutun?" Ba na ganin laifinta, ita ta biya kuɗin makaranta, ita kuma za ta wanke rigar. Amma a ajina na 'yan shekara uku, daga wannan kokon rubutu yake farawa.

Yatsun yaro a wannan shekarun ba su yi ƙwari ba. Yawancin yara sai tsakanin shekara huɗu zuwa shida riƙon fensir yake zauna musu. Idan aka matsa musu tun kafin lokaci, sai su dunƙule fensirin kamar muciya, su gaji, su tsani takarda. Yaron da ya tsoma hannu cikin abu mai santsi, ya ja layi, ya dangwala, ya murza, tsokar yatsunsa yake horarwa, idonsa kuma yana koyon bin hannunsa.

Ba na sayen fenti. Sitacin rogo ko kamu nake damawa da tafasasshen ruwa ya yi kauri, in bari ya huce, in rarraba a murafen robobi. Zoɓo ya ba ni ja, kurkum rawaya, dakakken ganyen zogale kore. Wani kason nakan zuba masa garin gero don ya yi tsaki-tsaki a hannu. Abin da ya fi burge su shi ne in ɗiga ruwan kanwa a cikin zoɓon a gabansu, jan ya rikiɗe ya yi duhu, in matsa lemon tsami ya dawo ja. Ajin yakan yi tsit, sannan ihu ya ɓarke.

Dalilina na ƙin sayen fenti shi ne duk abin da ya taɓa hannun yaro, bakinsa zai je. Don Allah kada a ba su ragowar fentin gini, musamman mai mai, domin wasu suna ɗauke da dalma. Ba mu manta Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a 2010. Waccan daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu ɗan kaɗan ɗinta da ba ya cutarwa. Haka baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi, yana ƙona fatar yara.

Akwai wata yarinya da ta zo mini tana ɓoye hannuwa a baya, ko kallon kokon ba ta so. Ban kama hannunta ba. Totuwar masara na ba ta tana mirginawa a kan kwali, daga baya guntun soso. A mako na uku na hango ta ta taɓa zoɓon da ɗan yatsa guda, ta goge a siket, ta sake taɓawa.

Irin wannan ƙyanƙyami yakan wuce da haƙuri. Amma idan yaro yana ƙwalla ƙara duk sanda abu mai danshi ya taɓa shi, abinci ma iri ɗaya ko biyu kawai yake yarda da shi, ga magana ta yi jinkiri, a daina cewa fitina ce, a kai shi wurin likitan yara.