Yadda Ake Kwantar da Jan Ruwan Damina

Da damina ta kankama, duk wanda ya bi ta gadar Kwalkwalawa zai ga Gulbin Rima ya rine, ya koma launin ƙasa. Masu ɗiba a gulbi ko a rijiya marar murfi sun san halin wannan ruwa: a zuba shi a randa ya kwana, yashi ya kwanta, amma jan yana nan daram. Ko an tace da ƙyalle, wucewa yake yi.

Abin da ke yawo a ciki ƙwayoyin laka ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda nauyinsu bai isa ya kai su gindin randa ba. Kowace kuma tana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya a jikinta, shi ya sa suke ture juna, ba sa haɗuwa balle su yi nauyi. Sai an kawo abin da ke da kishiyar wannan caji sannan su manne, su yi gudaji, su nutse. Aikin da alimun ke yi ke nan, har a manyan matatun ruwa. Ƙwayar zogale ma tana yi, saboda wani furotin da ke cikinta. Matan ƙauyukan Sudan na bakin Kogin Nilu sun daɗe suna gyara ruwansu da ita. Ni dai na fi son zogale, domin yana tsakar gida, kuma ba ya sa ruwa tsami kamar alimun da ya yi yawa.

A samo ƙwayar zogalen da ta bushe a kan bishiya, a ɓare, a daka farin cikin ya yi laushi. Ƙwaya 1 kan wadaci lita 1 zuwa 2, gwargwadon kaurin ruwan. A kwaɓa garin da ɗan ruwa mai tsabta a kwalba, a girgiza, a tace cikin bokitin jan ruwan.

Juyawa ita ce sirrin aikin, kuma nan mutane suka fi yin gaggawa. A fara da ƙarfi kamar minti 2, don maganin ya game ko'ina. Daga nan a sassauta hannu, a riƙa juyawa a hankali na minti 10, don ƙwayoyin su sami damar cin karo su manne. Wanda ya ci gaba da burgawa da ƙarfi, wargaza gudajin yake yi. A bar ruwan awa 1 zuwa 2 ba a taɓa ba, sannan a tsiyaye na sama. In alimun ne, a fara da ɗan kaɗan. In ya yi yawa, ruwan kan ƙi kwanciya.

Ruwa ya yi garau ba yana nufin cuta ta fita ba, musamman a lokacin amai da gudawa. A tafasa shi, ko a sa kilorin a jira minti 30. Kilorin sai bayan an tsiyaye, domin datti na cinye ƙarfinsa. Ruwan da aka gyara da zogale kuma a yi amfani da shi a ranar, kada a bari ya kwana.