Amsoshin Tambayoyinku: Digiri na Biyu a Fannin Ƙera Jiragen Sama

Wani mai sauraro daga Zariya, da ya karanta injiniyan kanikanci, yana tambaya ko zai samu gurbin digiri na biyu a fannin ƙera jiragen sama da kumbo.

Ƙwarai kuwa. Jami'o'i da dama na karɓar masu digirin kanikanci, lissafi ko fiziks, muddin sakamakon ya yi kyau. Makin lissafi da na darasin motsin iska da ruwa suka fi zuba wa ido, kuma da gaskiyarsu. A Cranfield ta Ingila shekara 1 ake yi, a Delft ta Holan shekara 2, kuma duka da Turanci, saboda haka sai ya tanadi sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da wasiƙun malamansa.

Malam, a nemi takardar cikakken sakamako tun yanzu, fitowarta kan ɗauki lokaci.