Gidajen Haya na Saukar Baƙi: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu na ofis, musamman na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, cikin masarautar Dutse. Maganar da ke cikinsa ita ce ta gidan da mutum yakan gina, ya zuba kayan ɗaki, ya riƙa ba baƙi haya ta 'yan kwanaki ko ta 'yan watanni. Abin da ya sa maganar ta shafi Hakimi shi ne, sau da yawa kuɗin ginin daga sayar da gona ko shanu yake fitowa, takardar cinikin gona kuwa ta hannun Mai Unguwa da Dagaci da Hakimi takan bi. Wanda zai shaida ciniki, ya kamata ya san shawarar da zai ba mai sayarwa tun bakin alƙalami bai bushe ba.

ASALIN ABIN

Saukar baƙi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin fatake akwai fatoma, watau maigidan da ke sauke baƙin 'yan kasuwa, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, ladansa yana cikin la'adar ciniki. Da Turawa suka zo sai aka giggina bariki a garuruwan Hakimai saboda ma'aikata masu rangadi, aka sa Sarkin Bariki yana lura da shara da ruwa da itace.

Abin da ya sake yanzu shi ne, ɗakin kansa ya zama haja. A shekarar 2008 aka kafa kamfanin Airbnb a birnin San Faransisko na Amurka, wanda ke haɗa mai gida da baƙo ta intanet, sana'ar ta bazu a duniya, har ta kama Ikko da Abuja da Kano. A gida kuwa, tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya a can a 2011, ma'aikata da 'yan kwangila suka yawaita a wannan yanki. Labarin riba ya iso ƙauye, amma labarin hasara bai cika isowa ba.

SU WANE NE BAƘIN?

Tambaya ta fari da za a yi wa mai niyyar gini ita ce: wa zai kwana a ɗakin, kuma me ya kawo shi garin? Baƙo ba ya zuwa don an yi gini, sai don wata bukata.

A Birnin Kudu dalilan zuwa a fili suke. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta nufi gabas. Akwai Asibitin Gwamnatin Tarayya, wanda ke jawo likitoci da ma'aikatan jinya, da 'yan'uwan marasa lafiya masu zaman jinya. Akwai makarantar koyon aikin jinya da unguwarzoma, akwai kuma tsohuwar Kwalejin Gwamnati. Har wa yau akwai duwatsu masu zanen mutanen dā, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masu bincike kan zo gani jefi-jefi.

A ƙasar Gwaram kuwa kasuwa ce ke jawo baƙi, musamman ta Sara, inda masu sayen hatsi da riɗi da dabbobi kan taru. Amma cinikin amfanin gona na kaka ne, da damina ta kankama sai ƙafa ta ɗauke.

A wuri irin Surko da sauran ƙauyukan da ke bayan babbar hanya, baƙon da akan samu shi ne malamin makaranta da aka yi wa canji, ko ma'aikacin ɗakin shan magani, ko matashi mai yi wa ƙasa hidima ta shekara guda, bisa tsarin da aka kafa a 1973. Waɗannan albashinsu ƙayyadajje ne, ɗaki mai tsabta mai sauƙin kuɗi suke nema. Wanda ya sayar da gonar gado a can ya gina masauki irin na Abuja, ya yi gini ne domin jemagu.

Saboda haka haya iri uku ce. Akwai gajeriya, daga kwana ɗaya zuwa wata guda: kuɗinta ya fi yawa, wahalarta ma ta fi yawa. Akwai matsakaiciya, daga wata guda zuwa kamar wata shida: ita ta fi dacewa da wannan ƙasa, don ma'aikacin wucin gadi ba ya son sayen katifa ya bar ta. Sa'an nan akwai ta shekara, wadda akan ba da ɗaki ba kome a ciki.

LISSAFI

Nan ne gizo yake saƙa. Mutane sukan dubi kuɗin wata ɗaya su riɓa shi sau 12, su ce ga riba. Ba su kirga watannin da ɗaki zai zauna a kulle, ba su kuwa kirga tsufan kaya. Ga misali, wanda aka ƙaddara adadinsa don koyarwa kawai. Malami ya sa farashin garinsu a madadinsa.

A ce mutum yana da ciki da falo, wanda in ya ba da shi haya ba kaya zai sami N120,000 a shekara, ba ruwansa da wani ɗawainiya. Sai ya zuba kaya na N360,000, watau gado da katifa da kujeru da fanka da firji da murhun gas. A ce kayan za su yi shekara 3 kafin a sake su. Ashe kowace shekara tana cin N120,000 daga cikinsu. A ce ladan mai lura da gida N60,000 ne a shekara. Jimlar abin da zai fita ke nan N180,000, ko da baƙo ko babu.

To, a ce baƙo yana biyan N40,000 a wata, amma ruwa da wuta da wanki da ƙananan gyare-gyare suna cin N10,000. Saura N30,000 a kowane watan da ɗakin ke da mutum.

In ɗakin ya cika wata 12, an sami N360,000. A cire N180,000, saura N180,000. Ya fi hayar shekara.

In wata 10 ne, an sami N300,000, saura N120,000. Sun yi daidai, wahalar ta tashi a banza.

In wata 8 ne, an sami N240,000, saura N60,000. Rabin abin da zai samu yana kwance ke nan.

In wata 6 ne, an tashi ba ko kwabo.

Wannan shi ne ginshiƙin darasin: ribar irin wannan gida ba a tsadar ɗaki take ba, tana cikin yawan watannin da ɗakin ba ya kulle. Baƙo raɓa ne, amma kaya suna tsufa ko ana amfani da su ko ba a yi. Saboda haka a shawarci mai niyya ya fara da ɗaki ɗaya ko biyu, ya gwada shekara guda, ya rubuta shiga da fita. Kada ya sayar da gonar da ke ci da iyalinsa don abin da bai gwada ba.

RIƘON GIDA

Abu uku ke riƙe baƙo: ruwa, wuta, tsabta. Gidan da ba shi da rijiya ko tanki, kome kyan fentinsa, baƙo ba zai sake biyan wata na biyu ba. Wajen wuta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareta ya zama mai cinye riba. Sola ta fi tsada ranar saye, amma ta fi sauƙi a kwana a tashi. A sa gidan sauro, a sa raga a tagogi, a wanke zannuwan gado duk sa'ad da baƙo ya tashi, a duba makewayi kullum. A ajiye buta da darduma, a nuna alƙibla. Tukunyar gas kada ta kwana a ɗakin barci, janareta kuma kada a tayar da shi cikin gida, don hayaƙinsa yana kisa. Kafin damina a duba rufi da magudanar ruwa. Kada a yi gini a kwari ko a kan hanyar ruwa.

A zaɓi mai lura da gida mai amana da sakin fuska, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kuma a yi wa masauki ƙofa dabam da ta iyali.

TAKARDAR YARJEJENIYA

A shari'ar Musulunci, bisa mazhabar Malikiyya, haya tana bukatar a san kuɗinta, a san wa'adinta, a san abin da aka ba da. Ɗan haya kuwa amintacce ne: ba ya biyan abin da ya lalace don tsufa ko ƙaddara, sai abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. Yawancin rigimar da ke zuwa ƙofar Hakimi daga nan take tashi, mai gida ya ce firji lafiya lau ya ba da shi, baƙo ya ce a mace ya same shi. Maganinta rubutu. Malami ya tabbata takarda ta ƙunshi waɗannan:

1. Sunan mai gida da na baƙo, da garinsa, da wurin aikinsa, da shaidarsa ta ɗan ƙasa.
2. Ranar shiga da ranar fita, da kwanakin sanarwa in ɗayansu zai fasa.
3. Kuɗin haya, da ranar biya, da rasit a kowane biya.
4. Jerin kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, da halin da kowanne yake ciki ranar shiga.
5. Wanda zai biya ruwa da wuta da gyara.
6. Kuɗin ajiya saboda ɓarna, da ranar mayar da shi. Wannan kuɗi amana ne, ba riba ba.
7. Yawan mutanen da za su zauna, da hana ba wani haya a kan haya.
8. La'adar dillali, in akwai, da wanda zai biya ta.
9. Sa hannun shaidu biyu, kowa kuma ya riƙe kwafinsa.

In baƙo ya ƙi biya ko ya ƙi tashi, ba daidai ba ne mai gida ya cire ƙofa ko ya watsar masa da kaya. A nemi sulhu, in ya faskara a tafi kotu.

AIKIN HAKIMI

Na fari, maganar fili. Bisa dokar ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun Gwamna, na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izinin riƙonsu. Kada a shaida cinikin gonar gado sai an raba gadon, magada duka sun yarda, har mata da marayu ta bakin waliyyansu. Kada kuma a yarda a ci burtali ko makiyaya ko maƙabarta da gini.

Na biyu, sanin baƙi. Kowane mai masauki ya ajiye littafi na sunayen masu shiga da fita, ya sanar da Mai Unguwa. Wannan kariya ce ga gari, kariya ce kuma ga mai gida ranar da hukuma za ta yi tambaya. Gidan da ya koma matattarar ɓarayi ko masha'a, a kai rahotonsa ga 'yan sanda ko Hisba ba da jinkiri ba. Amma baƙon kirki, ko daga wace jiha yake, ko wane addini yake bi, yana da hakkin a kiyaye mutuncinsa da dukiyarsa.

Na uku, hakkin 'yan gari. In masu gidaje suka riƙa tashin 'yan hayar shekara don su sa baƙi masu tsada, talaka zai rasa wurin zama. Manyan biranen duniya sun ɗanɗana wannan: a 2023 birnin Niyok ya tilasta wa masu gajeriyar haya yin rajista, a 2024 kuma hukumar birnin Basalona ta ƙasar Sifen ta ba da sanarwar za ta kawo ƙarshen lasisin irin waɗannan gidaje a 2028. Birnin Kudu ba ta kai nan ba, amma unguwannin da ke kusa da asibiti sun isa a sa musu ido, gama rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, a tuna wa mai gida ya biya harajin da hukuma ta aza, ya karɓi rasit. Zakka ba ta hau kan ginin kansa ba, sai kan kuɗin hayar da ya tara in ya kai nisabi, shekara kuma ta kewayo a kansa.

TAMBAYOYI DOMIN MALAMAI

1. Waɗanne irin baƙi ne ke zuwa gundumarku, kuma a waɗanne watanni?
2. A misalin da aka bayar, in kuɗin wata ya sauko zuwa N35,000, wata nawa ɗakin zai yi da mutum kafin ya kamo hayar shekara?
3. Wani mutumin Surko ya zo da takardar sayar da gonarsa ɗaya tilo don ya gina masauki. Waɗanne tambayoyi za a yi masa kafin a kai takardar gaban Hakimi?