Kyanwarmu Makauniya

A hutun bara na tarar ciwon ido ya makantar da kyanwarmu a Tungan Maje, kusa da Zuba. Inna ta ce a kai ta daji a yar. Na roƙa aka bar mini.

'Yan'uwa ɗalibai, ga abin da na koya. Makauniyar kyanwa da gashin baki da hanci da kunne take gane hanya, kuma takan haddace gida sarai. Saboda haka kada a gusar da turmi ko randa. Ran da ƙanwata ta kawar da kaskon ruwanta, wuni ta yi da ƙishirwa. Yi mata magana kafin ka taɓa ta, gama in ta firgita sai yakushi. Rijiya kuwa na yi mata murfi.

Daren da ta kama ɓera a rumbu, Inna da kanta ta zuba mata nono.