Ƙwaron da ke yawo a jikin tsamiya

Wata wasiƙa ta zo daga Tofa. Wani manomi ne yake cewa ya ɓamɓare ɓawon tsohuwar tsamiya a gonarsa, sai wasu ƙananan ƙwari masu sheƙi suka watse da gudu. Yana tambaya ko su ke cinye masa bishiya, kuma wane magani zai fesa.

Malam, Allah ya ƙara albarka a noma, amma ajiye famfon feshin nan tukuna. Yadda ka siffanta su, jiki a baje, ƙafafu dogaye, gudu kamar an kora su, ai mafarauta ne. Danginsu ya haura iri 40,000 a duniya. Galibinsu a ƙasa suke, ƙarƙashin hoge da tarin kara, amma akwai masu hawa bishiya, musamman a dazukan ƙasashe masu zafi. Da rana su laɓe a tsagin ɓawo, dare ya yi su bi rassa suna kama tsutsa da ƙwayayen ƙwari. Ba sa cin itace ko kaɗan.

Mai ɓarna daban yake. Zagaya gindin tsamiyar ka duba. In ka ga ƙananan huji a jikinta, ga garin itace ya zubo ƙasa, wani lokacin har da ƙaro yana tsatsowa, to mai huda ne a ciki. Shi kuma yana can ƙurya, feshin da za ka yi a waje da wuya ya kai gare shi. Mafarautan nan za ka kashe a banza.

Kuma muna bukatarsu. Tun 2016 da tsutsar masara ta ɓulla a Najeriya, kowa ya san kuɗin da magani ke ci. 'Yan uwan waɗannan ƙwari na ƙasa suna cikin masu cin irin tsutsar idan ta sauko. Ni dai a ganina, gonar da aka bar mata gawo da ɗorawa da tsamiya ta fi wadda aka share ƙal samun irin waɗannan masu gadi.

Sai dai a hana yara wasa da su. Wasu in an matse su sukan saki ruwa mai wari, a wanke hannu kada a kai ido. In hankalinka bai kwanta ba, Malam, jefa ɗaya a kwalba ka kai wa malamin gona na KNARDA ya gani da idonsa.