Motar da Ka Tura Ƙarƙashin Gado

Mahaifiyarka ta turo min hoton ƴar motar da ka haɗa, ta kuma gaya min ka tura ta ƙarƙashin gado, ka ce ba kai ba ita. Na daɗe ina kallon hoton. Fenti ya tsiyayo a ƙofar direba, shatin babban yatsanka ya fito raɗau a kan rufi, gilashin gaba ya yi fari fat kamar safiyar hazo. Duk na gani. Sai dai na ga wani abu da ƙila kai ba ka lura da shi ba: tayoyin nan huɗu duk sun taka ƙasa, babu wadda ta ɗage, bamba ta zauna daidai, fitilu biyu suna kallon wuri guda. Ni da na tsufa a garejin fenti na san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga hannun da bai taɓa yi ba. Jawo ta ka karkaɗe mata ƙura, mu zauna.

Fara da duba lambar da ke jikin kwalin, 1/24. Abin da take nufi shi ne an ɗauki mota ta gaske an rage kowane ɓangare nata sau 24. Volkswagen Beetle ɗin nan, wadda muke kira Basuwaja da ƙuruciyarmu, tsawonta ya ɗan haura mita 4, shi ya sa taka ta tsaya a wajen santimita 17. Kowa na iya wannan lissafin. Wanda mutane ba sa yi shi ne na komawa baya. Ɗigon fenti mai kaurin milimita 1 a jikin ƴar motarka, in aka mayar da shi jikin ta gaske, ya zama kumburi na santimita 2 da kusan rabi. Silin gashi guda da ya faɗa cikin ɗanyen fenti ya zama igiya. Ido kuwa yana yin wannan lissafin da kansa ko ba ka sa shi ba, shi ya sa da an kalli mota ake jin ko ta yi kama da ta gaske ko ta tsaya a abin wasan yara. Ƙanƙantar abin ce ke sa aikin ya yi wuya, domin babu inda kuskure zai ɓuya.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai aka kai ni koyon fenti a Kaduna, lokacin da Peugeot 504 ta cika gari, don tun 1975 aka fara haɗa ta a can. Wata shida cur maigidana bai bar ni na riƙe bindigar feshi ba. Samfefa da bokitin ruwa, shi ke nan aikina. Wata rana ya fita, aka bar mana Fijo fara da aka buga wa ƙofa, na ce yau zan nuna na iya. Na shafa foti, ban jira ya bushe sosai ba, na goga sama-sama na fesa. Da yamma ƙofa tana ƙyalli, ina ta murna. Washegari da rana ta haske ta, kowane ƙarzon samfefa da kowane rami sai ga shi a fili, har ya fi fitowa fiye da kafin in fesa. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya kama hannuna ya shafa a kan ƙofar, ya ce in rufe ido in ji. Ranar na gane fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Abin da ke ƙarƙashinsa yake ƙara wa haske, mai kyau ko mummuna.

To, haka take a taka. Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, aikin ya kusa ƙarewa ko ya riga ya lalace. Kada ka murɗe ƴan kayan daga jikin reshen robar da hannu, ka yanke da ƙaramin almakashi ko reza, ka bar ɗan saura sannan ka goge shi. Ka bi jikin motar da farcenka, za ka ji wani siririn layi da ya bi ta saman fitilu da gefen rufi. Nan ne bakin mazubin da aka zuba narkakkiyar roba ya haɗu, kuma babu irin wannan layin a motar gaske. Ka kankare shi da gefen reza, ka bi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000, kana jiƙa ta da ruwa. Ka wanke jikin da sabulu don maiƙon hannu ya fita, ka bar shi ya bushe da kansa. Sai shimfiɗar farko, mai ruwan toka, wadda muke kira faraima. Amfaninta biyu: tana ba fenti abin kamawa, tana kuma tona duk inda ka yi ha'inci tun ana iya gyarawa. Kafin a haɗa kowaɗanne abubuwa biyu da gam, a gwada su a bushe tukuna.

Maganar gam ita ta kawo mu kan gilashin. Na san abin da ya faru, sufa gulu ka sa. Tururinsa ne ke sauka a kan roba mai haske ya bar wannan farin, musamman inda yatsa ya taɓa. Gilashi farin gam na kafinta yake so, ɗan kaɗan a bakin tsinken sakace, yana bushewa ya zama garau. Sauran jikin kuwa yana da gam nasa na musamman, wanda ke narkar da fuskar robar ta ɓangare biyu su zama abu guda, kamar yadda mai walda ke yi wa ƙarfe. Abin da ke narkar da roba ba a yi masa yawa. Ɗigo guda ya wadatar, kuma kada yatsa ya kusanci wurin har ya kama.

Feshi kuma sai ka yi wa zuciyarka linzami. Ka riƙe gwangwani nesa da motar kamar santimita 20 zuwa 25, ka fara dannawa kafin ka iso kanta, ka saki bayan ka wuce. Zagayen farko ya zama kamar raɓa, har kana hango faraima ta ƙasa. Zuciya za ta ce ƙara, bai rufe ba. Kada ka biye mata, nan ne fenti ke tsiyaya. Ka ba shi minti 15 ko 20 ka sake, har sau uku ko huɗu. Daga nan ka kifa masa kwali mai tsabta ka tafi harkarka. Saman fenti yana bushewa cikin sa'a guda, cikinsa kuwa sai ya kwana biyu ko fi, mai mai ma har mako. Shatin yatsan nan naka, na san duba shi kawai ka je yi ko ya bushe. Duk mun yi. Nan gaba ka fesa wa cokalin roba fenti iri ɗaya a lokaci guda, in ƙaiƙayin taɓawa ya taso maka sai ka taɓa cokalin.

Takardar da ke cikin kwalin an rubuta ta ne a Japan, ba ta san hunturunmu ba. Ranar da ƙura ta tashi kada ka yi feshi sam. In ta kwanta, ka yayyafa ruwa a ƙasa da sassafe kafin a fara shara. Da damina kuma, ranar da iska ta yi nauyi da laima, fenti kan yi dishi-dishi ya ƙi ƙyalli, sai ka jira rana ta buɗe. Amma kada ka shanya motar a tsakar rana da bazara, robar za ta lanƙwashe kuma ba ta miƙuwa.

Akwai abin da nake roƙonka da shi, ba shawara ba ce kawai. Kada ka yi feshi a cikin ɗaki. Ka fita waje inda iska ke wucewa, ka rufe hanci da baki, ka yi nesa da murhu. Na ga abokan sana'a da tururin tina ya cinye wa ƙirji tun ba su tsufa ba, har yau abin yana yi min ciwo. Reza da ƙananan kayan nan kuma ka kulle su a gwangwani, ƙannenka na rarrafe komai baki suke kai wa.

In hannunka ya faɗa, za ka so wuce abin da ke cikin kwali, kuma nan daɗin yake. Malamarka a wannan matakin ita ce motar gaske kanta. Kamfanin Tamiya da ya yi taka ya fara ne da sana'ar katako a garin Shizuoka a 1946. A tsakiyar shekarun 1970, da suka tashi yin ƙaramar Porsche, sai da suka sayi ta gaske suka warware ta ƙusa-ƙusa don su ga abin da hoto ba ya nunawa. Kai ba sai ka sayi komai ba. Je ka tasha ka nemi izinin direba, ka tsuguna kusa da gingimari ka duba da kyau. Taya ba baƙa wuluk ba ce, toka-toka ce, jan ƙasa ya cika tsagunanta. Tsatsa ba ta fitowa ko'ina, tana bin inda ruwa ke kwanciya da bakin ƙusoshi. Baƙin mai yana gangarowa daga bakin tanki, hayaƙi ya dafe gefen salansa, fenti ya koɗe a matakin da yaron mota ke hawa kullum. Kamfanin Italeri na Italiya yana yin manyan motoci a wannan ma'auni na 1/24, su DAF da Scania da Volvo, amma yadda suke fitowa daga masana'anta yake yin su. Bodin katako, da zanen furanni da dawisu, da rubutun da direbobinmu ke sa wa a goshin mota, wannan sai mai idon da ya tashi yana ganinsu. Ranar da ka kai nan, ƴan tsinkayen katako da garin jan ƙasa da ka tankaɗe za su yi maka abin da fenti mai tsada ba zai yi ba.

Mu da karan dawa muka fara. Totuwa ce bodi, ɓawon kara ne ƙusa, tsohon silifas muke yankawa mu yi taya, wanda ya ƙware ya koma langa-langa da gwangwanin madara har ya sa sitiyari mai juya tayoyin gaba. Ba mu san wani 1/24 ba, amma yaron da motarsa ta fi kyau a unguwa kullum shi ne wanda ya fi daɗewa a bakin titi yana kallo. Na kawo wannan ne don kada ka matsa wa mahaifinka da sayen sabon kwali. Kayan nan daga waje suke zuwa, da tsada, kuma wadda ke hannunka ba ta gama koya maka abin da za ta koya maka ba. In an kira salla ko lokacin karatu ya yi, ka ajiye. Ita wannan sana'a ma ta fi son a riƙa barinta tana hutawa.

Ga yadda za ka ceto ta. Kada ka kusantar da fetur ko tinan gareji, za su cinye robar. Ka bar fentin ya ƙara mako guda ya yi tauri. Sai ka naɗe samfefa 1000 a jikin ɗan katako mai lebur, ka jiƙa, ka bi kan tsiyayar da shatin yatsan a hankali har yatsanka ya daina jin tudu in ka rufe ido. Ka wanke, ka sake faraima a wurin, ka fesa yadda na gaya maka. Gilashin ka ɓamɓare shi da lallashi, ka goge farin da samfefa 2000, sannan ka murza da man goge baki a tsumma mai laushi. Zai fara yin duhu kamar ka ƙara ɓata shi, ka ci gaba, hasken zai dawo.

In samfefa mai laushin ta yi wuyar samu a wajenku, ina da saura a akwatina, da matsefata guda da za ta yi maka amfani wajen ɗaukar madubai da hannun ƙofa. Ka taho da motar in za ku zo hutun Sallah, ko ba ka gama ba, ka haɗo da reshen robar da ka yanke kayan a jiki don mu gwada fenti a kansa. Ka gaishe min da mahaifiyarka da ƙannenka.